Rabo Maƙeri da Bututun Motar Inusa

Rabo ɗan maƙeran Dogon Kiriya ne. Waɗanda suka san shi a Dogon Dutsi zamanin Nasara sun yarda da abu biyu a kansa: aikin da ya fita hannunsa ba ya dawowa gyara, kuma ba a taɓa jin ya yabi kowa ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da tabon ƙuna a bayan hannun hagu. In kana yi masa magana ba ya duban fuskarka, ƙafarka yake kallo. Sai ka gama ya tsartar da yawu gefe guda, sannan ya ba ka amsa, in ya ga dama.

Ya tashi yana jan zuga-zugi gaban ubansa, ana ƙera hauya da gatari. Shekarar da aka zo ɗibar soja lokacin babban yaƙi, aka jera samarin garin a rana, aka buɗe bakinsu ana duba haƙora kamar za a sayi jakai, aka ware shi cikin masu tafiya. Shekara bakwai ya yi a soja, bai harba bindiga ko sau ɗaya ba. Wani sajan ne ya gan shi ya miƙar da ƙarfen mota da ya lanƙwashe, da garwashi da dutse kawai, ya sa aka mai da shi garejin soja kusa da Dakar. A nan ya koyi inji. Bai koyi karatu ba, Faransancinsa ma bai wuce zagi da sunayen ƙarafa ba, amma kunnensa ya buɗe. Mota na tunkarowa daga nesa zai ce, “Wagga buji ɗaya ya mutu cikinta.” A buɗe inji a tarar haka ne, ɗaya cikin bujin da ke kunna wuta ya daina aiki.

Da ya dawo ya fara aiki a garejin wani Bature mai sayen gujiya a Dosso. Wata huɗu kacal ya yi. Wata rana ya ɗaure kusoshin wata taya, Baturen ya biyo baya da sifana yana gwadawa ko sun ɗauru. Rabo ya tsaya yana kallonsa har ya gama zagayawa, sannan ya wanke hannu, ya naɗe tabarmarsa, ya hau motar Dogon Dutsi ba sallama. Ya kafa rumfa ƙarƙashin wani gawo a gabas da kasuwa, ya dasa uwar maƙera, ya jera sifanoninsa a kan buhu, ya auri Lantana mai sayar da fura, wadda ita kaɗai ce duk garin ke iya mayar masa da magana.

Direbobi ya fi rainawa. Yakan ce yawancinsu ƙafa kawai gare su, ba kunne, suna taka mota kamar suna fushi da ita. Ma’aikatan bariki masu takalmi da alƙalami a aljihu bai ɗauke su mutane masu sana’a ba. Amma duk wannan wasa ne in aka zo kan Mani, ɗayan maƙerin garin, wanda rumfarsa ke bakin tasha. Mani mutum ne mai fara’a, mai yawan “to” da “madalla”. Abin da mai mota ya ce a yi, shi yake yi. In ka ce masa ya liƙa maka murfin tukunya a goshin mota, zai tambaye ka babba ko ƙarami. Rabo ba ya kiran sunansa ma, “mai rumfar can” yake cewa.

Inusa kuwa ɗan garinsu ne, tare suka yi wasan ƙasa a Dogon Kiriya. Ya fara da tallan gishiri a jaki, ya koma sayen gujiya da raƙuma, Allah ya buɗa masa har ya zama ana tashi tsaye in ya shigo zaure. Kowa “Maigida” yake ce masa, ban da Rabo, wanda ya tuna shi da tsumma a ƙugu yana bin jaki da sanda. A shekara ta 1954 Inusa ya tafi Yamai ya sayo tsohuwar motar soja a gwanjo, babbar kamiyo mai katako a baya, ya ɗauki wani dattijon direba mai suna Sallau, ya sa ta hanyar Tibiri tana kwaso buhunan gujiya.

Motar tana da ƙarfin jiki, amma injinta ya gaji. Rannan kusa da Kore Mai Ruwa, motar abokin hamayyarsa Sha’ibu, sabuwa dal, ta zo ta wuce su, Inusa na zaune a gaba kusa da direba. Mutanen da ke saman buhunan Sha’ibu suka ɗaga masa hannu, wani ma ya miƙo igiya yana nuna zai ja su. Inusa bai ci tuwo ba ranar. Bayan mako biyu ya ji labarin wata babbar mota da ta kife wajen Birnin Ƙonni, gangar jikinta ta lalace amma injinta lafiya lau, mai silinda shida. Ya saye shi, aka kawo shi gaban rumfar Rabo a kan tayoyi.

Rabo ya zagaya injin sau biyu. Ba wanda ya taɓa ganin ya shafa wani abu da tafin hannu a hankali haka, ko ’ya’yansa.

Mako biyar ya yi yana wannan aiki. Injin ya fi wurin zamansa girma, sai da ya yanka ƙarfen gaban motar ya ƙara masa tsawo, ya ƙera sababbin ƙafafun da inji zai zauna a kai, ya sauya tankin ruwan sanyaya inji da wanda ya fi faɗi, ya daidaita haɗin inji da akwatin giya har ya zauna ba rata. Ya rame, ya daina zuwa hira. Ranar da ya tayar da injin, ya saurare shi tsawon shan fura ɗaya, sannan ya share hannu da tsumma. Abu ɗaya ya rage, bututun hayaƙi.

Inusa ya zo da hantsi, da babbar riga da mutum uku a bayansa. Ya tarar da bututu biyu a ƙasa. Ɗaya na tsohon injin ne, siriri, yatsu uku ke shiga bakinsa. Ɗayan Rabo ya samo ya lanƙwasa shi da kansa, yatsu huɗu, da tukunyarsa ta kashe ƙara a tsakiya. Inusa ya taɓa na biyun da ƙafa, ya yi murmushi, ya waiga ya yi wa mutanensa alama. Suka shigo da wani abu a kafaɗa suna nishi, suka sauke. Guntun bututun haƙar rijiya ne, mai kauri, wanda ƙato zai tura dunƙulen hannunsa ciki har gwiwar hannu bai taɓa gefe ba.

“Wanga za a sa,” in ji Inusa. “Kuma ban son tukunyar nan. Ina son in mota ta tashi nan, mutanen Tibiri su san ta taso.”

Rabo ya dubi bututun. Ya tsartar da yawu.

“Inusa, rijiya za ka gina ko mota za ka tuƙa?”

“Babban inji, babban bututu. Ko yaro ya san haka.”

“To shi ya sa yaro ba shi gyaran mota.” Ya ɗauki siririn. “Wanga ya yi kaɗan. In ka sa shi, hayaƙi ba shi samun hanya, inji ya shaƙe, ya yi zahi, ya ƙi gudu. Kamar a toshe maka hanci ɗaya a ce ka hau dutsen garin nan da gudu.” Ya yar, ya nuna na rijiyar da ƙafa. “Wancan kuwa ya yi yawa. Hayaƙi na son ya hita da ƙarhi, na gaba ya ja na baya. In hanya ta yi hwaɗi sai ya yi lakwas, ya tsaya yana yawo ciki. A fili mai tauri za ta yi gudu, ban musu ba. Amma in ta ɗauki buhu ta shiga rairayin kwarin Dallol a giya ɗaya, nan za ka nemi ƙarhinta ka rasa.”

Ya ga Inusa na kallon sama, alamar maganar ba ta shiga ba. Sai ya sa awartaki ya ɗauko garwashi guda daga wuta, ya miƙa shi saitin fuskarsa.

“Hura. A’a, kar ka tsuke baki. Buɗe shi duka, wangale, sannan ka hura, mu ga ko ya yi ja.”

Ɗaya daga cikin mutanen Inusa ya yi dariya, ya yi maza ya mai da ita tari. Fuskar Inusa ta canza.

“Rabo, motata ce ko taka?”

“Motarka ce. Injin kuwa ni na zaunar da shi, kuma ban liƙa mai wanga abin kunya. Ka kai wa mai rumfar can. Shi ko turmi ka kai mai, ya liƙa.”

Haka aka yi. Kafin la’asar an turo motar zuwa bakin tasha. Mani ya ce madalla, ya ce ai shi ma abin da zai ba da shawara ke nan. Ya liƙa bututun rijiya kai tsaye, ba tukunya, kuma da yake guntu ne, bakinsa ya ƙare daidai ƙarƙashin mazaunin direba. Inusa ya sa aka shafa masa jan fenti.

Ranar kasuwa aka tayar da ita. Rabo na rumfarsa, sai da masabar hannunsa ta kusa faɗuwa. Ba ƙarar inji ba ce wannan, tsawa ce da ta ƙi ƙarewa. Raƙuman masu kanwa suka tsinke igiya, wata mai nono ta saki ƙwarya, jakai suka ɗauki kuka daga wannan gefen kasuwa zuwa wancan. Mutane kuwa, maimakon su toshe kunne, sai suka bi motar da gudu suna guɗa. Kafin ta fita gari har an raɗa mata suna Aradu.

Rabo ya zauna jiran labari, kuma bai daɗe ba ya zo. A dawowarta daga Tibiri da kaya, ta isa wani tudun rairayi da kowane direba ya sani, ta yi rabin hawa, ta yi ta ruri kamar za ta tsaga ƙasa, tayoyi suka nutse, ta tsaya. Sai da aka sauke buhuna aka kira mazan ƙauyen kusa suka haura da su a ka. Tsohon injin da aka cire, duk gajiyarsa, yana hawa wannan tudu. Ranar Rabo ya sha fura ƙwarya biyu, ya ce wa Lantana, “Gobe ko jibi za ki gan shi nan, ya tuɓe babbar riga.”

Inusa bai zo ba. Abin da Rabo bai lissafa da shi ba shi ne mutane. Ƙarar Aradu tana isa ƙauye tun motar na nesa ƙwarai, saboda haka manoma kan ɗora buhunansu a jaki su riga ta isa bakin hanya. Motar Sha’ibu mai tafiya shiru sai ta zo ta tarar an kwashe komai. Fasinjoji suka fi son hawa Aradu, don in ta shiga gari kowa ya fito ya ga wanda ya sauka. Tsayuwar tudu ma ba ta dame su ba, sun mai da ita wurin sallah da cin ƙosai. Makaɗa suka sa ta a waƙa. Inusa ya ƙara ƙiba.

Wannan ya ci Rabo fiye da zagi. Da ma ya san Inusa ba shi da kai, amma bai san garin duka haka yake ba. Mota ba ta iya hawa tudu da kayanta, suna yi mata kirari don tana da baki! Yakan zauna ya ji ta taso daga tasha, ya ji injin da ya zaunar da hannunsa yana tari, yana harbi ta baya, ya san zafi na cin bakin bawul, ƙyauren da hayaƙi ke fita ta nan, a hankali, ga taron mutane suna tafi. Ya ce wa Lantana da za a ɗaura wa jaki ganga a wuya, mutanen Dogon Dutsi sai su naɗa shi sarauta.

Lantana na dama fura, ba ta ɗago ba. “Kai kana gyara ma inji, shi yana gyara ma mutane. Kowa ya samu abin da ya nema. Mi ya rage na fushi?”

Rabo ya tashi. Ya fita.

Ana cikin wata na uku sai ga Sallau, direban Aradu, ya zo rumfar da azahar. Dattijo ne dogo, mai furfura a gemu, ya fara tuƙi tun kafin yaƙi, kuma cikin direbobi shi kaɗai ne Rabo ke amsa wa gaisuwa da cikakkiyar murya, don yana sauraron inji kafin ya sa giya. Ya zauna a kan tsohuwar taya. Idanunsa sun yi ja wur. Rabo ya yi masa magana sau biyu bai ji ba, sai da ya juyo da kunnen dama.

“Malam Rabo, wanga bututu zai kashe ni,” ya ce. “Hayaƙin ta ƙasa yake shigowa, tsakanin ƙahwahuna. In na kai Tibiri kaina kamar an sara da gatari, sai na yi amai kahin in iya cin abinci. Shekaranjiya da rana tsaka barci ya sace ni bisa sitiyari. Na farka garken Fulani na gabana, da ɗiya mace tana kora su. Allah ne ya kiyaye, taku biyu ya rage.”

“Ka gaya ma ubangidanka.”

“Na gaya mai. Ya ce in tsufa ya kama ni, akwai masu son kujerar.”

“To ka bar mai ita.”

“In bar ta in ci mi? Iyalina goma sha ɗaya.”

Rabo ya ce ba ruwansa. Ya ce wanda ya liƙa shi ya cire. Ya ce ya faɗi gaskiya gaban shaidu an kai aikinsa bakin tasha, yanzu kowa ya kwashi abin da ya shuka masa. Sallau bai yi gardama ba, ya tashi ya karkaɗe riga ya tafi yana dafa kai. Lantana da ta kawo fura ta ji ƙarshen maganar. Ta ajiye ƙwaryar da ƙarfi har ta fantsama.

“Inusa ne ka so ya wahala. To Inusa na zaure yana cin nama. Wa ke shan hayaƙin?”

Kwana uku Rabo bai ta da zancen ba. In da za a tambaye shi, zai ce ba tausayi ne ya motsa shi ba, kuma wataƙila da gaskiyarsa. A rana ta uku Aradu ta wuce ta gaban rumfarsa, ya ji wani sabon sauti cikin rurin, siririn fito kamar na butar da ta fara tsagewa. Bawul ɗaya ya fara ƙonewa. Ya ajiye masaba ya aika a kira Sallau.

Suka jira har Inusa ya tafi ta’aziyya Birnin Kabi, tafiyar kwana shida. Sallau ya kawo motar da sunan gyaran ƙarfen da ke ɗauke da nauyin baya, Rabo ya sa aka kewaye ta da zana wai don rana. Ya sauke bututun rijiyar. Ya gyara bawul ɗin da ya fara ci. Sannan ya ɗauko nasa mai yatsu huɗu, wanda ke jingine bayan rumfa tun ranar da aka ƙi shi, ya haɗa shi da inji, ya zura shi cikin na rijiyar kamar takobi cikin kube. Ya huhhuda ƙarshensa da ƙananan ramuka don sauti ya yi yawo cikin babban ya fito da kauri. Ya ƙara wa na wajen tsawo da wani guntun ƙarfe har ya wuce mazaunin direba ya fita ta gefe, ya buɗe bakinsa kamar na kakaki. Ya rufe haɗin da kyau, ya nemo jan fenti ya shafa. Duk tsawon aikin yana zagin fentin, yana zagin bututun, yana zagin kansa da ya zama mai yi wa shirme kwalliya.

“In ya tambaya,” ya ce wa Sallau, “ka ce kai ka sa aka ƙara mai baki don ƙara ta ƙaru. Kar sunana ya hito. In ya ji hannuna ya taɓa shi, gobe zai sa a cire.”

Inusa ya dawo ya ga bututunsa ya ƙara tsawo da faɗin baki, ya ji ruri ya koma ƙasa-ƙasa, mai girgiza ƙirji. Ya yi murna har ya ba Sallau hula. A tafiyar farko, da buhuna har saman katako, Aradu ta isa tudun rairayi, Sallau ya sa giya ɗaya, ta haye ba ko tangarɗa. Mazan ƙauyen da suka taru don sauke kaya suka tsaya da gammo a hannu suna kallon bayanta.

Kashegari Inusa ya zo rumfar Rabo da ƙafarsa, da jama’a fiye da na farko, Sallau a can baya.

“Rabo, ka ji labari? Ta hau tudu da kaya cike. Kai da ka ce ba ta iyawa.” Ya juya wajen mutane. “Ai da ma sabo ne. Inji sai ya saba da bututunsa, kamar doki da linzami. Shi wanga bawan Allah ya je wajen Nasara ya koyo rabin abu, ya zo yana sa mutane hura garwashi.”

Aka yi dariya. Rabo na riƙe da awartaki. Amsar tana bakinsa, magana ɗaya ta ishe shi ya tsiraita mutumin gaban kowa, ya ce a kawo zarto a yanka a gani. Ya ɗaga kai, abin da ba ya yi, ya hango Sallau. Idanun dattijon sun washe, jan ya tafi, yana kallonsa bai ko ƙifta ba.

“Kai ka san mota, Inusa,” in ji Rabo. Ya mai da ƙarfe cikin wuta.

Lantana ta ce ranar bai taɓa abinci ba, kuma ya ƙera wata hauya ya yi ta dukanta har ta zama ba ta da amfani.

Abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar masa da ra’ayinsa a kan ’yan Adam. Masu motoci suka yi layi bakin tasha, kowa na son bututu irin na Aradu. Mani ya ce madalla, ya bi duk inda aka yar da guntun bututun rijiya ya tattaro. Mota huɗu ya liƙa wa, har da ta Sha’ibu, kuma duk huɗun suka riƙa nutsewa a tudun nan suna ruri, Aradu na wuce su. Ba wanda ya durƙusa ya leƙa cikin bututun, ko ɗaya. Sai magana ta fito cewa Inusa ya kai baƙin bunsuru Lugu, garin masu bori, an ba shi doguwa tana tura motar ta baya in an zo hawa. Har aka sami wanda ya rantse ya gan ta da idonsa. Mutanen Lugu ba su ma san an jingina musu mota ba. Inusa kuwa in aka tambaye shi sai ya yi murmushi ya shafa gemu.

Aradu ta yi shekara huɗu tana aiki. A ƙarshe ba inji ne ya gaza ba, ƙashin bayanta ne ya karye saboda lodin da ya wuce kima. Inusa ya sayi wata, ya sayar wa Mani da gawar. Wata safiya Rabo na zaune sai ga Mani, karo na farko da ya taɓa taka rumfar, ɗauke da guntun jan bututu da ya yanka. Ya ajiye shi a ƙasa, bakin yankan na kallon sama, ƙaramin bututu na leƙowa daga cikin babba.

“Ina kwana, Malam Rabo. Aikinka ne wanga. Na gane ɗinkin.”

“To?”

“Ba komai. Ban gaya ma kowa. Na zo dai in ce aiki ya yi kyau.” Ya yi ’yar dariya. “Ai ni ma na san na rijiyar ya yi yawa. Tun ranar da aka kawo shi na sani. Wa ke jan zuga-zugi bai san wanga ba?”

Rabo ya ajiye abin da ke hannunsa.

“Ka sani?”

“Ƙwarai.”

“Ka sani ka liƙa ma Sallau shi ƙarƙashin kujera? Ka sani ka liƙa ma mutum huɗu bayansa?”

“Su suka ce shi suke so, Malam Rabo. Ni mi nawa?”

Rabo ya daɗe yana kallonsa, a fuska wannan karon. Shekara goma yana ɗaukar mutumin nan jahili, har wani lokaci yakan yi masa uzuri a zuci, ya ce wanda bai sani ba bai sani ba.

“Ɗauki ƙarhenka ka hita,” ya ce. “Kuma in ka gan ni a hanya kar ka gaishe ni.”

Mani ya ce to, ya ɗauka, ya tafi.

Bayan wannan Rabo bai daɗe a Dogon Dutsi ba. Idanunsa suka fara yin hazo saboda shekarun kallon wuta, har ya kai ba ya ganin zaren kusa. Bai yarda wani ya riƙe masa sifana ba. Ya kwashe kayansa, shi da Lantana suka koma Dogon Kiriya, ya zauna a tsohuwar maƙerar ubansa yana ƙera hauya da laluben hannu. Manoma na cewa haushinsa ya fi na da, amma hauyarsa ba ta karyewa. Ya rasu da bazara, watanni kaɗan kafin Nasara su sauke tutarsu.

Inusa ya zo gaisuwa ranar uku cikin sabuwar motarsa, aka shimfiɗa masa buzu a gaba. Bayan addu’a ya gyara zama ya ce marigayi gwani ne, ba a musu, sai dai taurin kai. Ya ba da labarin bututun tun daga farko, yadda Rabo ya ƙi, yadda shi ya dage, yadda daga baya marigayin ya amsa da bakinsa gaban jama’a cewa shi Inusa ya fi shi sanin mota. Mutane suka gyaɗa kai, suka ce Allah ya jiƙansa, kowa da inda iliminsa ya tsaya.

Sallau na zaune a ƙarshen tabarma. Ya bar tuƙi shekara guda kafin nan, ba ya cin abinci ƙarƙashin kowa yanzu. Ya buɗe baki, ya dubi fuskokin da ke gyaɗa kai ɗaya bayan ɗaya, ya rufe. Ya jawo takalminsa, ya zagaya ta bayan gida ya yi wa Lantana gaisuwa ta kan danga, ya kama hanya da ƙafa.